A bar ampili a kunne ko a kashe shi? Amsar da ta dace da zafin Yamai da wutarta

Akwai shawarar da ke yawo a bakin masu son sauti, wai ampili mai kyau, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika, ba a kashe shi, a bar shi a kunne dare da rana, domin kunnawa da kashewa ne ke cinye shi, kuma sai ya ɗau ɗumi muryarsa ke fita sarai. Maganar ba ƙarya ba ce zalla. Sai dai waɗanda suka fara faɗinta suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 20 ba, wutarsu kuma takan daɗe ba ta ƙifta ba. Mu a nan Yamai, a watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya riƙe zafin har tsakar dare, wuta kuma ta tafi ta dawo ba sallama. Saboda haka amsarmu ita ce a kashe shi. In tashin da za ka yi bai kai awa guda ba, kamar zuwa masallaci ko cin abinci, rage murya ka bar shi. In ya wuce haka, kashe. In kuwa barci za ka yi, ko barin gida, ko an ɗauke wuta, ko hadari ya taso, kashewa kaɗai ba ta isa ba, sai ka zare waya daga bango.

Fara da sanin irin naka

Ampili ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da yake sha yana zaune shiru ya danganta da gininsa. Mafi yawan manyan ampili na gida, musamman na hannu da ake samu a kasuwa irin su Katako, ajin AB ne. Za ka gane su da nauyi, domin akwai babban taransifoma a ciki, da farantin alminiyam mai haƙora wanda ke fitar da zafi. Irin wannan, ko ba kiɗa ba magana, yana shan wat 20 zuwa 60, kuma duk zafi yake komawa. Ajin D su ne marasa nauyi na zamani, waɗanda ke cikin dogayen sifikokin talabijin da yawancin masu Bluetooth. A zaune ƴan wat kaɗan suke sha, ba su cika wuce 10 ba, kuma da ƙyar za ka ji ɗumi a jikinsu. Ajin A ba su da yawa a nan, amma in ka mallaki ɗaya ka sani cewa yana shan wutarsa cikakkiya ko ana ji ko ba a ji, wat 100 zuwa 200 ko fiye. Sai mai kwalabe, wanda ake ganin fitilunsa suna ja a ciki. Shi kam babu gardama: manyan kwalabensa awoyi ƙidayayyu gare su, ƴan dubbai ne, shekara kuma awa 8,760 ce. Wanda ya bar shi a kunne zai sayi sababbin kwalabe kafin shekara ta zagayo, ga wutar cikinsa tana kai bolt ɗari uku zuwa ɗari biyar, ba abin da za a bari a ɗaki ba kowa ba ne.

Kada ka dogara da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, irin su wat 3,000 da PMPO a gefe. Ta talla ce. Duba bayan na'urar kusa da inda wayar wuta ta shiga, nan ake rubuta abin da take sha da irin wutar da take so. Tamu bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Kayan da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, wasu suna da ɗan makunni a baya na sauya wuta. Tabbatar yana kan 220 ko 230 kafin ka jona, sannan ka liƙa masa salatif don kada yaro ya taɓa.

In kana son sanin abin da naka ke sha a zaune, mitar gidanka ta isa. Akwai ƴar jan fitila a jikinta da ke ƙiftawa, an rubuta adadi kusa da ita, misali 1000 imp/kWh. Kashe komai a gidan har da firji, kunna ampili kaɗai ba kiɗa, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙiftawa biyu. A mita mai 1000, raba 3,600 da adadin daƙiƙoƙin: in daƙiƙoƙin 120 ne, ampilinka wat 30 yake sha. In adadin mitar 1600 ne ko 3200, sai ka raba amsar da 1.6 ko 3.2.

Wat 30 kamar ba komai ba ne. Amma ninka shi da awa 24 da kwana 30, ka samu kilowat-awa 21.6 a wata. Mu ɗauka kowane ɗaya CFA 100 ne don sauƙin lissafi, jaka biyu da ɗoriya ke nan duk wata a kan shirun banza. Ainihin farashin yana kan takardar NIGELEC ɗinka, sai ka ninka da shi. Mai ajin A da ke shan wat 150 kuwa ya tashi da kilowat-awa 108. Ga mai sola abin ya fi ciwo. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, in na dalma ne rabi kawai ya kamata a ja, wato 600. Ampilin nan na wat 30, daga magariba zuwa fitowar rana, ya kwashe 360, ban da abin da inbata ke ci wa kanta. Da asuba fanka ta tsaya, a ce batir ne ya mutu.

Abin da zafi ke yi a ciki

Kuɗin wuta shi ne ƙaramar magana. Babbar ita ce kwandansa, waɗannan gwangwanayen da ke tsaye kusa da taransifoma da ƙananan ƴan'uwansu da ke warwatse a kan faranti. A cikin kowanne akwai takarda jiƙe da wani ruwa, ruwan nan kuma a hankali yake bushewa ta bakin robar da aka toshe shi da ita. In ka duba jikinsa za ka ga an rubuta 85°C ko 105°C. Ma'anarsa, kamfanin ya ba da tabbacin zai yi aiki na wasu awoyi a wannan zafin, galibi awa 2,000. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke aiki da ita kuwa ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarsa biyu, duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu.

To, mu lissafa da ɗakinmu. A ce zafin ɗaki digiri 35 ne, cikin akwatin ampili mai ajin AB kuma ya ɗara na ɗaki da digiri 20, ya zama 55. Daga 85 zuwa 55 ragin 30 ne, ninkawa biyu har sau uku ke nan: 4,000, 8,000, 16,000. Awa 16,000 ga na'urar da ba a kashewa ba ta cika shekara biyu ba. In kuwa awa huɗu ake jinsa a rana, sauran ashirin yana kashe a zafin ɗaki, lissafin ya kusa shekara biyar. Kwandansa mai kyau yakan wuce abin da aka rubuta masa, ba ranar da awoyin suka cika yake faɗuwa ba, amma tazarar tana nan: wajen ninki uku. A ƙasar sanyi, inda cikin akwatin bai wuce digiri 40 ba, mutum zai iya barinsa a kunne shekaru bai ga komai ba, shi ya sa shawararsu ta yi musu daidai.

Alamun kwandansa da ya fara gajiya ba sa ɓuya. Za ka ji gurnani mara yankewa a lasifika ko da murya tana ƙasa, ganga ta rasa nauyinta, in an ƙara murya sauti ya fashe da wuri. In mai gyara ya buɗe, zai ga kan gwangwanin ya kumbura ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a gindinsa. Idan za a canza, a sa mai 105°C ko da na asalin 85 ne. Bambancin kuɗin kaɗan ne, a lissafin nan kuma rayuwarsa ta ninka huɗu. Adadin bolt ɗinsa kada ya gaza na tsohon, ya fi shi ba laifi.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan awa guda ana kiɗa, ɗora tafin hannunka a saman akwatin, daidai kan farantin alminiyam. In ba za ka iya riƙewa daƙiƙa biyar ba, wurin ya doshi digiri 60, da sake. Ba shi fili: aƙalla santimita 10 a sama da kowane gefe, 20 in mai zafi ne. Kada a ɗora masa dikoda ko wata na'ura a ka, kada a sa shi cikin kabad mai ƙofar gilashi, kada kuma a shimfiɗa masa ƙyallen ado a kan ramukan iska, wannan ɗabi'ar ta kashe ampili da yawa a falon amare. Haɗa lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya yana mai da su om 4, ampili ya ja wuta ninki, zafi ya ƙaru. Duba abin da aka rubuta a bakin jonawar kafin ka ƙara.

Gaskiyar masu cewa a bar shi

Suna da hujja biyu, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Ta farko, lokacin kunnawa ne na'ura ke shan bugu mafi ƙarfi. Kwandansa suna wofi, taransifoma bai daidaita ba, sai wuta ta kwararo ninkin ba ninkin na abin da aka saba, na ɗan ƙiftawar ido. Shi ya sa wani lokaci fitilar ɗaki ke dusashewa in an kunna babban ampili. Ta biyu, ɗumi da hucewa kullum suna sa ƙarfe ya miƙe ya tsuke, bayan shekaru likin dalma ya tsage, musamman a ƙafafun manyan taransista, wato kayan cikin da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Amma masu ƙera na'urar sun san da haka. A da yawansu akwai wani ɗan baƙin faifai a hanyar shigar wuta da ke tare ta yana sanyi, in ya ɗau zafi ya sake ta. Manya kuma suna da rile, wani makunni mai kunna kansa, da ke yin wannan aikin. Kunnawa sau ɗaya ko biyu a rana ba ta fi ƙarfinsa ba. Dubi ampilin masallacin unguwa: sau biyar a rana, sau 1,825 a shekara, kuma yana shekaru yana kiran salla. Tsagewar dalma ma gyaran ƴan mintoci ne, ba kamar taransifoman da ya ƙone ba. Abin da ke da haɗari shi ne kashewa da sake kunnawa nan take, domin faifan nan bai huce ba, ba zai tare komai ba. Bar aƙalla minti guda tsakani, biyu ya fi.

Nan ne maganar ta juya musu. Ampilin da aka bari a kunne a Yamai ba ya tsira daga kunnawa da kashewa, layin wuta ne ke yi masa su, a mafi munin yanayi. Wutar birnin tana zuwa ne ta dogon layin da ya taso daga Birnin Kebbi da kuma tashoshi irin na Gorou Banda, a bazara kuma buƙata takan fi abin da ake da shi. In an maido wuta, firji da na'urorin sanyaya ɗaki da famfunan unguwa duka suna tashi lokaci guda, ƙarfin wuta ya faɗi ya hau, wani lokaci ta ɗauke ta sake dawowa cikin daƙiƙa biyu. Wannan shi ne ainihin abin da aka ce kada a yi wa ampili, kuma kai kana wurin aiki. Mafi muni, in wayar tsakiya ta layin unguwa ta tsinke ko ta saki, gidan da ya saba samun 220 zai iya ganin abin da ya doshi 380. Duk abin da ke jone a lokacin yana cikin haɗari, wanda aka zare ne kaɗai ba ruwansa.

Batun ɗumi kuwa, gaskiya ne taransista suna daidaita bayan sun ɗau zafi, amma minti 15 zuwa 30 ya wadatar, a ajin D ma bai kai haka ba. Kunna shi kafin ka ɗora shayi.

Madannin rimot ba kashewa ba ne

Yanayin da aka rubuta wa STANDBY barcin zomo ne: fuska ta mutu, amma wani ɓangare yana farke yana jiran rimot. A kayan da aka ƙera don kasuwar Turai daga 2013, doka ta taƙaita wannan shan zuwa rabin wat, ko da yake masu jiran umarni ta intanet an ba su fiye da haka. Matsalar ba kuɗi ba ce, ƙaramin ɓangaren nan yana jone da layi awa 24, kuma shi ne yakan fara ƙonewa in wuta ta yi tsalle. Ampilin da ya ƙi tashi sam bayan an maido wuta, sau da yawa nan ciwon yake. A ƙananan sifikoki masu babban akwatin ganga da ake sayarwa da araha kuwa, rimot murya kawai yake toshewa a yawancinsu. Taransifoma yana nan yana aiki sai an danna makunnin baya. Taɓa bayan akwatin da safe, in da ɗumi, bai kwana a kashe ba.

Yadda za a kunna, yadda za a kashe

Wajen kunnawa, fara da mai da murya ƙasa gaba ɗaya. Kunna abin da ke ba da sauti tukuna, talabijin ne ko dikoda ko kwamfuta ko mikisa, ampili ya zo ƙarshe. Saurari ɗan ƙaran rile, ƙas, bayan daƙiƙa uku zuwa biyar. Shi ne ke haɗa lasifika bayan ya tabbatar komai lafiya. Sannan ka ɗaga murya. Wajen kashewa sai a juya: murya ƙasa, ampili farko, sauran daga baya. Dalili shi ne kowace na'ura tana sakin ɗan bugu lokacin tashi da mutuwa, in ampili yana farke zai ƙara masa ƙarfi ya jefa wa lasifika, ƙaramar lasifikar sama kuma ba ta jure wannan.

In an ɗauke wuta, tashi ka kashe makunnin, ka zare. In ta dawo, ba ta minti uku zuwa biyar ta zauna. Da janareta ma haka: a tayar da shi ya daidaita kafin a jona ampili, a kuma kashe ampili kafin a kashe shi. Kada a bari mai ya ƙare ana kiɗa, domin tangal-tangal ɗin da inji ke yi kafin ya mutu wuta ce mai hawa da sauka.

Regilata, wanda wasu ke kira sitabilaiza, yana taimako in wutar unguwarku mai rauni ce, amma a saye shi da hankali. Ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a bayan ampili sau ɗaya da rabi zuwa biyu, domin in wutar da ke shigowa ta faɗi sosai ba ya iya ba da abin da aka rubuta masa. Yawancinsu suna da madannin jinkiri, gajere na ƴan daƙiƙoƙi da dogo na wajen minti uku. Sa shi a dogon. Ƙaramar na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan sannan ta jira kafin ta maido, ita ma ta dace da ampili. Akwatin batir na kwamfuta mai araha kuwa bai dace da mai babban taransifoma ba: wutar da yake bayarwa mai kusurwa ce, za ka ji taransifoman yana kuka yana zafi. Haka inbata, a nemi mai ba da wuta mai santsi irin ta layi.

Daga Yuni zuwa Satumba, da ka ga gabas ta yi baƙi iska ta taso da ƙura, zare waya. Tazarar da ke cikin makunni ƴan milimita ce, tsawar da ta keto sararin sama ba za ta tsaya a nan ba. Zare har da wayar eriya da ta tauraron ɗan'adam, domin ta dikoda takan bi ta shiga ampili. Jerin soket mai kariyar tsawa yana rage ƙananan bugu ne kawai, yana gajiya da kowane bugu ba tare da ya nuna ba, kuma a gidan da ba a binne wayar ƙasa ba rabin aikinsa ya tafi.

Fiyus in ya ƙone, karanta abin da ke kan hularsa, misali T2A 250V. Harafin T yana nufin mai jinkirin ƙonewa, wanda aka yi don ya jure bugun kunnawa; in ka sa mai sauri zai riƙa mutuwa ba dalili. Sa irinsa daidai. In sabon ya sake ƙonewa, tsaya nan, akwai abin da ya haɗe a ciki. Naɗa masa silin waya ko takardar sigari yana mai da gyaran jaka guda ya koma sayen sabon ampili, in ma ba gobara ba.

Ƙura da ajiya

Da hunturu ƙura tana shiga ta ramukan sama ta kwanta a kan farantin alminiyam, ta hana zafi fita. Masu fanka a ciki ma zuƙo ta suke yi muddin suna kunne. In damina ta zo ta sha laima, sai a fara jin ƙarar-ƙarar in an murɗa murya. Rufe shi da ƙyalle bayan ya huce, ba yana da zafi ba, ba kuma yana kunne ba. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin zafi ya kankama, a hure cikinsa da busasshiyar iska da burushi mai laushi, a duba ko kyankyasai ko tsaka sun yi gida, domin ɗumi ke jawo su. Wanda bai san aikin ba kada ya sa hannu ciki: manyan kwandansa suna riƙe wuta ko bayan an zare waya. Tun da an buɗe, mai gyara ya auna bakin da ake jona lasifika da multimita, wato na'urar auna wuta, murya a ƙasa ba kiɗa. Ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ya haura 100 a bincika kafin ya ƙona lasifika.

Ajiya mai tsawo ita ma tana da nata. Kwandansa da ya daɗe bai ga wuta ba yakan yi rauni, don haka wanda ba a amfani da shi a riƙa kunna shi awa guda duk bayan wata biyu ko uku. In kuwa ya shekara biyu ko fiye a ɗaki, ko ka sayo na hannu ba ka san tarihinsa ba, kada ka cusa shi a bango kai tsaye. A fara tayar da shi ta cikin ƙwan fitila irin na dā mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da wayar wuta, ba tare da lasifika ba. In ƙwan ya haska ya dusashe, kwandansa sun cika lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai haɗewa a ciki, a kashe a nemo ta kafin a ba shi wuta kai tsaye.